Jawabin Ƙaddamar da Rajistar Makaɗa da Masu Sana'ar Hannu a Kazaure

Wannan taro yana miƙa gaisuwar ban girma ga Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai da malamai, da shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da sarakunan sana'a, da sauran manyan baƙi maza da mata.

Annobar korona ta ɓulla a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ta iso Jigawa a watan Afrilu, har gwamnatin Alhaji Muhammad Badaru Abubakar ta kulle Kazaure, aka hana taruwar jama'a, aka kuma dakatar da hawan salla a manyan masarautun arewa. Hukuma ba ta naɗe hannu ba, domin Ministan Watsa Labarai da Al'adu na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya kafa kwamiti a watan Mayu ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba don ya binciko irin ɓarnar da aka yi wa masu fasaha, Babban Bankin Najeriya ya ware rancen naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, sannan aka raba wa masu sana'ar hannu tallafin naira 30,000 kowanne.

Sai dai a lokacin akasarin wannan taimako ta intanet ake nemansa, kuma sai mai asusun banki da lambar BVN, wato lambar da banki ke tantance mai ajiya da ita. Mai kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa, wanda cefanen gidansa ya dogara ga abin da aka liƙa masa a goshi, ya rataye kalangunsa a ɗaki har fata ta bushe, tsarkiya ta saki, alhali sunansa ba ya cikin kowane littafi na hukuma. Haka badukun da ya ci bashin fata ya ɗinka kayan doki domin hawan da ba a yi ba, haka zabiya da mai algaita.

Shi ya sa ake ƙaddamar da wannan rajista, amma rajista ba tare da kuɗi ba takarda ce kawai, saboda haka ana roƙon ƙananan hukumomin nan huɗu, da babbar murya, su buɗe wa masu fasaha gurbi na dindindin a kasafin kuɗinsu, a kuma riƙa biya ta hannun sarkin makaɗa da sarkin dukawa a gaban dagaci, ga wanda ba shi da asusu. Dagatai su fara aiko da sunaye daga wannan mako.