ALMAKASHI DA TAKARDA A CIKIN AJI

Jama'a malaman firamare, sau da yawa idan lokacin aikin hannu ya yi sai a kora yara sharar fili, wai babu kuɗin sayen kayan zane. Wannan ba hujja ba ce. Tsohuwar jarida da kwalin sukari da jiƙaƙƙen ƙaro sun isa a yi darasi.

Ɗan aji ɗaya a bar shi tukuna ya yayyaga takarda da yatsunsa ya manna, domin hannun da zai riƙe fensir ya yi ƙwari. Daga baya a ba shi almakashi marar tsini. Idan ya ninka takarda ya yanka ya buɗe, zai ga dama ta yi daidai da hagu tun malamin lissafi bai faɗa masa ba.

Kada kuma a raina aikin. Dukawan Kano haka suke yanka rinanniyar fata su ɗora a kan wata. Mai zanen nan na Faransa, Henri Matisse, da ciwo ya kwantar da shi a 1941, da almakashi ya ci gaba da sana'arsa.

Mai ɓata darasin shi ne malamin da ke yanka wa yara da kansa saboda zuwan mai duba makarantu. Yankan yaro, ko ya karkace, shi za a manna a bango.