Makamin da Aka Gano a Jinin Ɓera



A shekarar 1891, wani likitan tiyata a birnin New York mai suna William Coley ya yi abin da yau ba kwamitin asibitin da zai yarje masa: ya ɗura wa mai ciwon daji ƙwayoyin cuta masu rai da gangan. Ya lura cewa wasu majinyata, idan zazzaɓi mai zafi na ciwon fata ya kama su suka tashi, sai ƙarin da ke jikinsu ya saɓe. Daga baya ya koma amfani da matattun bakteriya iri biyu a gauraye. Wasu sun warke, da yawa ba su warke ba, shi kansa kuma ya kasa faɗin dalili. Da maganin gashi da haske ya samu karɓuwa, sai aka ture aikinsa gefe.

Tambayar dai ba ta mutu ba: me ke kashe ƙarin? A 1943 Murray Shear ya tsamo wata guba daga ɓawon ɗaya daga cikin bakteriyan Coley, wadda ake kira endotoksin, ya nuna tana sa ƙarin ɓera ya yi jini ya ruɓe. Sai dai in ka zuba gubar a kan ƙwayoyin daji a cikin faranti, ba ta yi musu komai. Ashe akwai ɗan aike a tsakani.

A 1975 Elizabeth Carswell da Lloyd Old da abokan aikinsu a cibiyar Sloan Kettering suka cafke ɗan aiken, kuma yadda suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Da farko suka yi wa ɓeraye allurar BCG, wato dai rigakafin tarin fukan nan da ya bar wa yawancinmu tabo a damtse. Suka jira kamar mako biyu. A tsakanin nan saifa da hantar ɓeran sun kumbura, sun cika da wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta da tarkacen jiki. Sannan suka yi musu allurar endotoksin, bayan kamar awa biyu suka ɗebi jininsu, suka tace ruwan, suka ɗura wa wasu ɓerayen dabam da aka dasa wa ƙari a ƙarƙashin fata. Kafin gari ya sake wayewa tsakiyar ƙarin ta yi baƙi ƙirin. Ruwan jinin nan ya kashe wasu ƙwayoyin daji a faranti ma, ya ƙyale lafiyayyu. Jinin ɓeran da aka yi wa BCG kaɗai bai yi wannan aiki ba. Sai an haɗa matakan biyu. Zomo da gafiyar ɗakin gwaji su ma sun ba da irin wannan ruwa. Sinadarin da ke ciki aka sa masa suna TNF.

Yanzu mun san abin da ke gudana a cikin matakai biyun nan. BCG tana tayar da wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, su kuma su saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda ke sa makrofaj zama cikin shirin ko-ta-kwana. A fatar makrofaj akwai wata na'urar ji mai suna TLR4. Bruce Beutler ne ya tabbatar a 1998 cewa ita ke gane endotoksin, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2011. Da ta ji gubar sai saƙo ya shiga cibiyar ƙwayar, a ƙera TNF, a jera shi a fatarta, wani sinadari ya yanko shi ya faɗa jini. Awa ɗaya zuwa biyu ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda yake kai farmaki. A jikin dabba, TNF ya fi yi wa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin illa fiye da ƙwayoyin dajin kansu. Jijiyoyin nan sababbi ne, ginin gaggawa; sai su tsiyaye, jini ya daskare a cikinsu, ƙarin ya mutu daga tsakiya kamar garin da aka datse wa hanyar ruwa. Shi ya sa sau da yawa bakin ƙarin ke tsira ya sake toho.

A 1984 masana a kamfanin Genentech suka kwafo ƙwayar gadon TNF, ya zama ana iya samar da shi da yawa. Murna ta cika ɗakunan bincike. Amma tun kafin nan wani mutum ya biyo ta wata hanya dabam. Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller ya ga shanu masu sammore a Kenya, ya yi mamakin yadda suke ramewa har su zama ƙashi da fata, alhali ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su taka kara sun karya ba. Duk makiyayin da ya taɓa kai garke dajin da ke da ƙudan tsando ya san wannan rama. Cerami ya zargi jikin dabbar da kansa, ya bi sawun abin a cikin zomaye da ɓeraye. A 1985 shi da Beutler suka tace sinadarin da ke jawo ramar, sai ga shi TNF ne sak.

Da aka gwada shi a kan masu ciwon daji, abin da ya biyo baya ke nan: zazzaɓi, rawar sanyi, faɗuwar bugun jini. Adadin da mutum zai iya ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ke kashe ƙari a ɓera ba, in aka auna da nauyin jiki. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan duk ranar da suka ji a rediyo cewa wani ganye ko sassaƙe ya kashe daji a jikin ɓera. Gwajin na iya zama gaskiya, amma ƙarin da aka dasa kwana bakwai da suka wuce dabam yake da wanda ya shekara yana girma a nonon mace.

Likitocin tiyata a Turai, ƙarƙashin Ferdinand Lejeune, sun bayyana wata dabara a farkon shekarun 1990. Idan dajin yana hannu ko ƙafa, sai a ɗaure gaɓar, a haɗa jijiyoyinta da inji, a zagaya TNF da maganin melfalan a cikinta kaɗai, a wanke kafin a kwance. Mutane da dama da za a yanke wa ƙafa sun koma gida da ƙafarsu.

Babbar ribar kuwa ta zo ne daga toshe TNF. Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan sun nuna a 1992 cewa maganin da ke kama shi yana kwantar da amosanin gaɓɓai mai tsanani. Sai dai wannan sinadari shi ke taimaka wa makrofaj su killace ƙwayar tarin fuka a huhu. A ƙasa irin Najeriya, inda mutane da yawa ke ɗauke da ita a kwance, wajibi ne likita ya bincika tarin fuka kafin ya rubuta irin wannan magani.