Malamin Fiziks da Ɗakin Gwajinsa

Batun da zan tattauna a kansa shi ne makomar matashin da ya gama digirin digirgir a fiziks na daskararrun abubuwa, ya zaɓi ɓangaren gwaji, sannan wata jami'armu ta ɗauke shi aiki. Wannan fanni shi ke binciken yadda ƙarfe da gilashi da silikon ke ɗaukar lantarki da zafi da haske, kuma daga cikinsa taransista ta fito a 1947 a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, wadda duk wayar da ke aljihunanku ta gaje ta. Ra'ayina shi ne tsarin ɗaukar malamai da ƙarin girma a jami'o'inmu yana kore matashin nan daga gwaji, kuma sayen sababbin na'urori kaɗai ba zai dawo da shi ba.

Mu duba tsanin da zai hau. Mai digirin digirgir kan fara ne a matakin lakcara na biyu ko na ɗaya, ya wuce zuwa babban lakcara, sannan mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma a bisa al'ada sai ya yi aƙalla shekara uku kafin a duba shi a kowane mataki. Abin da ya fi nauyi a ma'aunin shi ne yawan maƙalolin da ya wallafa. Takwaransa na Amurka ma ana auna shi da maƙala, ana ba shi kimanin shekara shida ya nuna bajintarsa, amma ranar da aka ɗauke shi ake ba shi ɗaki da kuɗin kafa ɗakin gwaji, wanda a manyan jami'o'i kan kai dala miliyan ɗaya. Namu kuwa ofis ake ba shi, wani lokaci ma su biyu ko uku a ciki, da jadawalin koyar da ɗaruruwan 'yan aji ɗaya. An ɗauki maƙeri ba a ba shi maƙera ba, ana kuma jiran garma kafin damina. To, me mai hankali zai yi? Zai buɗe kwamfutarsa ya koma lissafin siffofin sinadarai da manhaja, domin ta nan maƙala kan fita cikin watanni. Wanda ya nace wa gwaji kuma zai tsoma ƙananan gilasai a cikin kwalbar sinadari, ya samu siririn fenti na zink oksaid a kansu, ya naɗe su cikin auduga, ya aika Afirka ta Kudu ko Indiya ko Malesiya a auna masa da hasken eksire. In sakamakon ya dawo bayan wata huɗu da alamar wani abu mai ban mamaki, ba shi da halin sake gwadawa gobe ya ga ko gaskiya ne. A nan ake asarar kimiyyar, domin shi gwaji tambaya ce da ake maimaitawa da sauri har abu ya faɗi gaskiyarsa.

Wani zai ce, ai ƙasa mai ƙaramin ƙarfi gara ta tsaya ga nazari da lissafi, tunda alli da kwamfuta sun fi araha. Maganar tana da tushe. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 ta raini masana nazari da yawa daga Afirka, kuma ba wanda zai raina aikinsu. Sai dai lissafi ba ya gaya maka abin da ke cikin dutsen litiyom na Nasarawa ko kuzar Jos, ba ya kuma gaya maka yadda ƙurar hunturu da zafin bazara ke cinye allon sola a Sakkwato. Waɗannan sai an sa hannu an auna. Sannan ba kowane gwaji ne ke buƙatar dukiyar Ƙaruna ba. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov sun ɓare girafin daga girafayit da salatef a Jami'ar Manchesta, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2010. Amma kada labarin salatef ya ruɗe mu, domin a bayansa akwai madubin ƙara girma, da na'urar zana wayoyi ƙanana, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararrun da ke kula da su duka.

Wannan na ƙarshen shi ne inda na fi so mu dakata. Tun da aka kafa asusun TETFund da dokar 2011 an gina ɗakuna an kuma sayi kayan aiki a jami'o'i da dama, wannan ba abin musu ba ne. Amma na'urar bincike tana da cinta da shanta. Tanderun da ke gasa samfuri a zafin digiri 900 na tsawon awa goma sha biyu, in wuta ta ɗauke a awa ta bakwai, aikin mako ya tafi. Famfon da ke zuƙe iska daga cikin tukunyar gwaji yana son mai da kayan gyara. Ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, yana ƙafewa ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Kasafinmu ya fi son abin da za a yanka ƙyalle a buɗe, bai cika tuna abin da za a riƙa saya kowane wata ba. Haka kuma ma'aikacin fasaha da ya san cikin na'urar kamar tafin hannunsa, albashinsa da darajarsa ba su kai su riƙe shi ba idan kamfani ya yi masa tayi. Ƙara da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU irin na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba: mai lissafi ya ci gaba da aikinsa a gida, mai gwaji kuwa ƙofarsa a garƙame take.

Abuja tana da abin da zai iya sauya wannan lissafin. A hanyar Lokoja akwai Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wadda aka kafa domin masu bincike daga ko'ina su zo su yi amfani da manyan ɗakunan gwaji. A Galadimawa akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, da ta fara a 2007, inda Farfesa Wole Soboyejo ya taɓa shugabanci, kuma kimiyyar kayayyaki na cikin ginshiƙanta. Ga Jami'ar Abuja a kusa, ga hukumar NUC da TETFund a Maitama. Abin da nake ba da shawara shi ne duk sabon malamin gwaji da aka ɗauka a Kano ko Katsina ko Zariya a rubuta masa a takardar ɗaukar aiki makonni sanannu a shekara da zai yi a irin waɗannan cibiyoyi, da kuɗin tafiya da na kayan gwaji, a kuma rage masa koyarwa a shekarunsa uku na farko.

Na san za a ce wannan tara komai ne a Abuja, alhali malami yana buƙatar na'ura a gefen ofishinsa. Ƙananan kaya kam dole kowane sashe ya mallaki nasa. Amma manyan, hatta ƙasashe masu arziki taruwa suke yi a kansu. Turawa sun haɗu a kan babbar na'urar hasken sinkirotiron ta Giranobul a Faransa, Afirka ta Kudu ta shiga cikinsu a 2013, ƙasashen Gabas ta Tsakiya kuma suka buɗe tasu mai suna SESAME a Jodan a 2017. A gida ma mun ga misali: tukunyar nukiliya ta bincike da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, guda ɗaya ce, amma daga jami'o'i daban-daban ake kai mata samfuri.

Saura kwamitocin ƙarin girma, kuma gyaran nasu ba ya cin kobo. Malamin da ya yi shekara biyu yana haɗa na'urar auna juriyar lantarki da hannunsa, har ɗalibai goma suka yi digiri da ita, a yau makinsa bai kai na wanda ya fitar da gajerun maƙaloli shida ba. Majalisar dattawan kowace jami'a tana da ikon ta ba wannan aiki maki a zamanta na gaba, ta kuma nemi masu tantancewa na waje su karanta maƙaloli biyar mafiya ƙarfi na mai neman girma maimakon su ƙirga hamsin.