Jawabin Tunawa da Harin Kano na 2012



Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, bayan La'asar, 'yan Boko Haram suka ta da bama-bamai a ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice a Kano. Rayuka fiye da 180 suka salwanta. Galibinmu muna yara a lokacin, muka tashi muna ganin ana tura babur a shingen soja, ana laluben masallata a ƙofar masallaci. Shingaye sun ragu, amma maraici bai ragu ba. Marayun wannan rana sa'o'inmu ne, wajibi ne ƙungiyarmu ta nemo waɗanda ke cikinmu, ta tallafa wa karatunsu.

Allah ya jiƙan mamatan, ya kiyaye na gaba. Wassalam.