Ƙudan da ke Ɓata Barkono



Ko da yake ƙasar Damargu da gero aka san ta tun zamanin ayarin Azbinawa, manoman Gangara da ke noman rani a bakin rijiyoyi sun san cewa barkono, wanda muke kira tonka, dukiya ce mai albarka, kamar yadda tattasai ya zama arzikin mutanen Diffa a gaɓar Komadugu.

Amma akwai ƙaramin ƙuda mai soke ɗan barkono ya zuba ƙwai a ciki, sai tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye cikinsa, ya ruɓe ya faɗi, sa'an nan ta shiga ƙasa ta rikiɗe ta fito ƙuda sabo. Saboda haka hikimar maganinsa ita ce a yanke masa zuriya: a tsince duk ɗan da ya faɗi kowace safiya, a binne shi a rami mai zurfi, ko a ɗaure shi cikin baƙar leda a bar shi a rana, a kuma shawarci malaman gona kafin fesa magani.

Wajibi ne maƙwabta su haɗa kai, domin ƙuda bai san iyakar lambu ba. Allah Ya sa albarka.