Makin da Ya Ɓata: Alhakin Wane Ne?



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, watau gurbi guda da akan bari fayau a takardar sakamakon jarrabawa. Ɗalibi ya halarci darasi, ya zauna jarrabawa, amma ran da aka kafe sakamako a allo sai ya tarar babu kome a gaban lambarsa, ko kuwa an rubuta wai bai zo ba. Wanda ya faɗi dai ya san matsayinsa. Shi wannan kuwa bai ci ba, bai faɗi ba.

Bari mu waiwayi asalin lamarin. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tsarin Ingila ake bi: ɗalibai kaɗan ne, jarrabawa kuma sai ƙarshen shekara. A 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya, tsarin kwasa-kwasai irin na Amurka ya game jami'o'inmu. Shekara ta rabu zango biyu, ɗalibi yakan ɗauki kwas takwas ko fiye a kowane zango, kowane kwas kuma makinsa kashi biyu ne: 30 ko 40 na gwajin cikin zango, sauran na jarrabawa. In kun lissafa, kafin mutum ɗaya ya gama digiri na shekara huɗu, sai an rubuta masa maki fiye da sau 100. Kowannensu kuwa sai ya bi ta hannun mai tsaron jarrabawa, da malami, da jami'in jarrabawa na sashe, da tsangaya, kana ya isa Majalisar Dattawan jami'a. Aiki ya ninku, masu yinsa ba su ninku ba.

Na taɓa riƙe aikin jami'in jarrabawa, saboda haka ba labarin ji nake ba ku ba. Wata ɗaliba ta yi zango biyu tana safa da marwa tsakanin sashenmu da wani sashe a kan makin kwas ɗaya, kowa yana tura ta gaba. Daga bisani muka kwance ƙunshin takardun, sai ga tata, an duba ta, ta ci 61. Wajen kwafewa ne ido ya tsallake layi, aka ba na ƙasa da ita makinta. Aikin bai ɗauke mu rabin sa'a ba. Har yau ina jin kunyar watannin da suka gabaci wannan rabin sa'a.

A nan ne zaluncin yake, jama'a. Daga lokacin da ɗalibi ya miƙa takardarsa, ta fita daga hannunsa ke nan har abada. Amma in ta ɓata, shi muke cewa ya kawo hujja, alhali kuwa mu aka danƙa wa amanar. In ya gaji, sai mu ba shi shawarar ya sake kwas ɗin. Shekara guda ke nan daga rayuwarsa, da kuɗin makaranta da iyayensa za su sake nema. In jinkirin ya kai shi ya haura shekara 30 kafin ya kammala, bautar ƙasa ta wuce shi. Ma'aikacin da ya ɗauki hutun ƙaro ilimi kuwa ya koma ofis hannu rabbana, ƙarin girma yana wuce shi yana kallo.

Wasu sukan ce kwamfuta ta raba wannan gardama. Ta taimaka, ban musa ba, sai dai abin da aka ba ta shi take riƙewa. Makin da malami bai shigar ba, ba za ta ƙago shi ba.

Shawarata ita ce a mayar da nauyin hujja inda ya dace. Muddin sa hannun ɗalibi yana cikin takardar halartar jarrabawa, to, sashe ne zai nemo takardar amsarsa, cikin wa'adin da Majalisar Dattawa za ta yanka, a ce mako huɗu. In ta faskara, a shirya masa jarrabawa ta musamman cikin zangon, ba da ko kwabonsa ba, kada kuma a rubuta masa faɗuwa. A inda na yi digirina na uku, duk aikin da ka miƙa sai an ba ka 'yar takardar shaida mai hatimi. Kuɗin buga irinta bai kai na shayin da muke sha a taron tsangaya guda ba.