Yaƙin Cacar Baka da Darajar Malami



Idan aka ambaci Yaƙin Cacar Baka, wato gābar da ta shiga tsakanin Amurka mai bin tafarkin jari-hujja da Tarayyar Sobiyet mai bin kwaminisanci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da yakan faɗo mana a rai shi ne makaman nukiliya da Katangar Berlin. Sai dai akwai wani fagen fama da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika ba da labarinsa ba, shi ne ɗakin karatu.

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da ya kewaya duniya. Hankalin Amurkawa ya tashi, domin rokar da ta kai shi sama tana iya ɗauko bam ta kawo musu har gida. Da suka binciki inda aka riga su, sai suka ɗora laifin a kan makarantunsu. Kafin shekara ta zagayo, a Satumban 1958, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaure ilimi da tsaron ƙasa. Aka zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje. Aka ba ɗalibai bashin karatu, wanda kuma ya zama malamin makarantar gwamnati ana iya yafe masa har rabin bashin.

Gasar ta tsallako Afirka daidai lokacin da ƙasashenmu ke karɓar 'yancin kai. A 1960 Sobiyet ta buɗe Jami'ar Abotar Al'ummomi a Mosko domin ɗaliban Afirka da Asiya da Latin Amurka, a shekarar da ta biyo kuma ta raɗa mata sunan Patrice Lumumba, Firayim Ministan Kwango da aka kashe a Janairun 1961. A wannan shekarar Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, rukunin farko na matasanta suka sauka Gana domin koyarwa a makarantun sakandare, wasu kuma suka zo Nijeriya. Kowane ɓangare ya gane cewa wanda ya riƙe alli a yau, shi zai riƙe tunanin shugabannin gobe.

Wannan gata kuwa yana da farashi. A Sobiyet, malamin tarihi ba shi da ikon kauce wa abin da jam'iyya ta tsara. A Amurka, zamanin Sanata McCarthy, malamai da dama a birnin New York sun rasa aikinsu bisa zargin alaƙa da kwaminisanci, masu neman bashin karatu a ƙarƙashin dokar 1958 ma sai da aka sa su rantsuwar biyayya. An girmama malami a matsayin makami, ana kuma sa masa ido kamar yadda ake tsare makami.

Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamban 1991. Abin da ya rage mana shi ne darasin. Manyan ƙasashe sun samo kuɗin ilimi cikin gaggawa ranar da tsoro ya kama su, wanda ke nuna cewa rashin kula da makarantu zaɓi ne da masu mulki ke yi. Mu da ke koyar da yara a azuzuwan da suka cika maƙil, wasu a zaune a ƙasa, muna da hujjar tambayar hukumomi: shin yaron da ya gama aji shida bai iya karanta sunansa ba, bai kai Sputnik tayar da hankali ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka idan muka zauna teburin tattaunawa, mu nemi abu biyu tare: albashi a kan kari da kayan aiki, da kuma 'yancin koyar da gaskiya ba tare da an mai da mu 'yan amshin shatan kowa ba. Magabatanmu a can sun sami na farko sun rasa na biyu, bai kamata mu yarda a raba mana su ba.

Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci ɗalibanmu.